Azumin Inna Shatu

Habsatu ta zura hannu ƙarƙashin kafaɗun mahaifiyarta don su juya ta, ta sa ƙarfin da take zaton gawar babban mutum za ta nema. Saura kaɗan ta ɗage ta ɗungum daga kan gadon karan. Ta tsaya cak da ita a hannu, kamar wadda ta sunkuci tulu tana zaton cike yake.

Ta ɗaga gefen zanen da suka lulluɓe ta da shi. Haƙarƙari a jere, ɗaya bayan ɗaya. Ciki ya lotsa har ya kusa taɓa gadon baya. Ta kama damtsen da ya yi shekaru yana ɗaga taɓarya, sai babban yatsanta da manuni suka zagaye shi suka haɗu.

"Iya, wace irin cuta ce wannan?"

Iya Hafsa ce ke wankan gawar mata a ƙauyen Gidan Bawa, kuma ƙawar marigayiyar ce tun suna 'yan mata. Ba ta ɗago kai ba.

"Zuba ruwa, ɗiyata."

"An ce mini ko jiya a tsaye ta yi la'asar."

"A tsaye ta yi. Zuba ruwa. Abin da mai wanka ta gani, cikin ɗaki take barin shi."

Habsatu ta zuba. Malama ce a wata lakwal, makarantar boko, a Tasawa, shi ya sa a gida ake ce mata Madam. Da safiyar nan aka kira ta a salula aka ce Inna Shatu ta cika, ta hau kabu-kabu ta biyo ta Korgom, ta iso an riga an sauke ruwan wanka. Rabonta da gida tun kaka, lokacin ana ɗaure dammai. Ranar ta bar Inna da kumatunta, tana tsaye bakin zaure tana yi wa wani mai amalanke faɗa don ya tsula wa jakinsa bulala. Yanzu ana tsakiyar bazara. A tsakani, duk Juma'a suna magana ta salular maƙwabci, kuma amsar ba ta taɓa canzawa ba: lafiya lau, muna ci muna sha, ki aiko mini da goro.

Suka sa ta a likkafani. Yadin da aka yanko ya yi mata yawa, sai da Iya Hafsa ta ninke shi ta gefe.

* * *

Bayan maza sun dawo daga maƙabarta, mata suka cika rumfar tsakar gida. Kowace ta shigo sai ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta nemi gefen tabarma, ta ajiye abin da ta sani game da Inna Shatu.

Akwai abin ajiyewa. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu ƙanana, Isma'ila da Habsatu, da 'yar gamanarta, gonar da mace ke nomawa don kanta. Da wannan gamana ta rene su. Ita ke shuka, ita ke noma, ita ke cika ɗan rumbunta na bayan ɗaki, kuma ba ta neman izinin kowa kafin ta zura hannu ciki.

"Shekarar da fara ta cinye mana gona, wa ya riƙe ni da ɗiyana?" in ji wata mata mai goyo. "Kullum da hantsi sai in ga ƙwarya ta ƙetaro darni. Ko sallama ba ta yi, don kada mu haɗa ido."

"Ke kin samu da sauƙi," in ji wata daga baya. "Ni in ta miƙo mini fura sai ta haɗa da zagi. 'Sha, mummuna, kada ki mutu a ƙofata a ce ni ce.'"

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, wasu suna share ido da bakin mayafi.

Matar liman ta gyara zama. "Ni abin da ya fi tsaya mini, yadda ta cika. Watannin nan kullum bakinta a rufe. Ta fara da Litinin da Alhamis. Daga baya ta ce ramuwa take yi, wai akwai tsofaffin azumin da ta sha lokacin goyo. Cikin wannan zafi, jama'a! Allah shi sa mu cika haka."

"Amin," rumfa ta ɗauka.

Habsatu ba ta ce amin ba. Innar da ta sani, da zarar an ga watan Sallah takan ce ita da azumi kuma sai baɗi, nafila ta masu hutu ce. Ta waiwaya wajen Iya Hafsa. Tsohuwar tana kallon tasbaharta.

Da azahar maƙwabta suka aiko da tuwo, kamar yadda ake yi wa gidan mutuwa. Aka zuba wa yaran Isma'ila uku nasu a kwano ɗaya. Habsatu ta saba ganin yara suna cin abinci a bakin lakwal, da ture-ture da tsokana. Waɗannan ba su yi magana ba. Hannu yana fita wani yana shiga. Gashin ƙaramin ya yi ja, ya yi laushi kamar gashin masara. Babbarsu, Shamsiyya, ta gutsuri wata loma ta ƙulle a bakin zanenta.

Habsatu ta yafito ta. "Wannan fa?"

"Na gobe ne, Gwaggo. Kaka ta ce in an samu a rage na gobe."

"Ita Kaka mi take ci in ta sha ruwa?"

"Goro. Sai ruwan ganye." Yarinyar ta lashe yatsa. "Nata tuwon mu take ba. Ta ce mai azumi ba shi son nauyi."

* * *

Habsatu ta tarar da Barira, matar yayanta, a madafi tana wanke kwanukan maƙwabta, jaririya a bayanta. Habsatu ta wuce wajen tukwane. Ta buɗe randar da ake zuba tsaba. Ƙasanta a share yake tas. Ta buɗe wata tukunya, warin anza ya bugo ta, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin su ciwu. A kan faifai akwai busasshen ganyen jiga da 'yar dusa.

"Tun yaushe?"

Barira ta ci gaba da cuɗa kwano. "Madam, bari baƙi su watse."

"Tun yaushe, Barira?"

"Tun sanyi bai gama fita ba."

Habsatu ta juya ta kalli kusurwar gidan. Rumbun gandu yana nan tsaye kan duwatsunsa, ƙato, da hular jinka a kansa. Ita da kanta ta ga ana loda masa dammai da kaka. Bana an yi albarka, har Isma'ila ya ce rabonsa da irin wannan hatsi tun yana saurayi.

"Wancan fa? Ƙwari suka ci?"

"Shina nan yadda ya bar shi."

Barira ta faɗi sauran a hankali, ba ta ɗaga murya ba. Da Isma'ila zai tafi cin rani wajen haƙar zinariya a arewa, ya fitar musu da dammai, ya ce za su kai su har ya dawo. Sannan ya hau ya liƙe bakin rumbun da laka, kamar yadda kowane magidanci ke yi, don na ciki shi ne iri, shi ne kuma abincin damina lokacin da ake noma. Ya ce ba zai daɗe ba. Ya daɗe. Barira ta haihu, aka yi suna, aka ci. Dammai suka ƙare.

"Ba ku da hannu? Ga tsani can jingine!"

Barira ta ɗago ta dube ta karo na farko. "Madam, nan aka haife ki. Kin taɓa ganin mace ta leƙa rumbun gandu?"

"To, Baba Salifu fa? Ƙanen mahaifinmu ne, ga gidansa nan."

"Na ɗauki mayafi zan tahi. Inna ta tare ƙofa. Ta ce in na taka waje da maganar nan, na tona wa ɗanta asiri, gari duk zai ji ya tahi ya bar gida ba ci. Ta ce ba da ranta ba."

"In ya kira fa?"

"In ya samu rezo, salula ta kama, shina kira. Ni gaban mutane ake miƙo mini salula, mi zan ce? Ita kuwa kin san ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta faɗi, balle ta ce masa tana jin yunwa. Sai ta ce, 'Ku gaya wa maigida lafiya lau.'"

Habsatu ta zauna a kan turmin da ke kife. Ta kalli bayan ɗakin Inna, inda ɗan rumbun yake a da. Ba komai sai tudun laka da kaji ke tono. Shekara biyu da suka wuce ita da Isma'ila suka zauna suka yanke cewa Inna ta huta. Ba daidai ba ne, in ji su, uwar magidanci, uwar madam ta lakwal, a gan ta da hauya cikin rana. Aka haɗe gamanar cikin gandu. Mutane suka yaba, suka ce 'ya'yan albarka. Inna ta yi dariya ta ce, "To, na zama Hajiya ba Makka." Da damina ta zo ɗan rumbun ya zube, ba a sake gina shi ba, tun da ba abin da za a zuba.

"Goron da nake aikowa..."

"Shi ya riƙe ta," in ji Barira. "Ta ce shina kashe yunwa."

Jaririyar ta motsa ta fara kuka, wani siririn kuka marar ƙarfi. Barira ta jawo ta gaba ta ba ta nono. Ta ja, ta saki, ta sake ja.

"Gobe za a buɗe rumbun nan," in ji Habsatu. "Kuma ba za a rufe ba sai yaran nan sun ga damina."

* * *

Washegari da hantsi Habsatu ta bi Baba Salifu zuwa tudun bayan gari, inda salula ke kamawa. An riga an aika wa Isma'ila labari ta bakin wani ɗan garin da suke rami ɗaya. Da kiran ya shiga, kukansa aka fara ji, da ƙarar inji a bayansa.

Baba Salifu ya yi masa gaisuwa, ya ba shi haƙuri, sannan ya miƙa wa Habsatu.

"Yaya, ya haƙuri?"

"Habsatu, ban ga Inna ba. Ban ɗauki makararta ba." Ya ja hanci. "Na gaya wa Baba, a buɗe rumbu a fid da na sadakar uku. A yi tuwo a yi fura, kowa shi ci. Kada a ce an yi wa Inna ƙaramar sadaka."

"Za a yi. Amma in an buɗe a bar shi buɗe. Gidan nan ba tsaba tun ƙarshen sanyi. Anza yaranka ke ci."

Inji ya ci gaba da ƙara a bayansa.

"Wane irin anza? Na bar musu hatsi."

"Ya ƙare. Ni na wanke Inna, Yaya. Ba cuta ba ce."

"Mi kike nufi?"

"Ka ji abin da na ce."

"Duk kiran da na yi, lafiya lau ake ce mini! Ko sau ɗaya wani ya ce mini... Ke da kike Tasawa, nan da nan, mi kika gani? Yanzu ni za ki ɗora wa? Kina so ki ce ni na kashe uwata?"

"Ban ce ba. Na ce yara..."

"Ba Baba salula."

Ta miƙa. Baba Salifu ya ɗan matsa gefe, ya juya mata baya. Ta ji yana cewa to, to, in sha Allahu, to. Sannan ya cire salular daga kunne ya duba fuskarta, ya ɗaga ta sama, ya sake dubawa. Rezo ya tafi.

"Mi ya ce?"

"Ya ce a fid da na sadaka a mai da laka."

"Na yara fa?"

"Bai faɗa ba."

"Ka tambaye shi, Baba?"

"Mutum shina kukan uwarsa, ɗiyata." Ya zura salular a aljihu. "Kuma ki sani, ba mugunta ba ce. In aka cinye na rumbu da bazara, ruwa ya sauka, mi za a shuka? Wa zai iya riƙe hauya da ciki wofi? Mun ga gidajen da suka yi haka, ƙarshenta gonar wani suka koma yi wa ƙwadago, tasu ta zama ciyawa. Ni amana aka bar mini. Abin da mai rumbu bai ce ba, ba ni yi."

* * *

Da la'asar sakaliya aka jingina tsani. Baba Salifu ya hau, ya ture jinkar gefe, ya sa ƙotar gatari ya farfasa lakar. Mata suna jira a ƙasa da turame. Da murfin ya ɗagu, ƙamshin hatsi ya sauko tsakar gidan, har yaran suka bar wasa suka matso.

Tsohon ya leƙa. Ya daɗe bai motsa ba. Da ya sauko don ya karɓi igiya, bai kalli kowa ba.

Habsatu ta tattare zanenta ta kama tsanin.

"Ke! Madam!" in ji wata. "Subhanallahi!"

Ta hau. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin cikin rumbun gandu ba. Ba ta buƙaci sunkuyawa ba. Dammai ne a shirye har wuya, zangarniya kan zangarniya, masu kauri, ko ƙwaro ɗaya bai taɓa su ba. Daga nan sama tana hango cikin ɗakin Inna ta ƙofar da aka bari buɗe, da tabarmar sallarta a naɗe. Tsakanin ɗakin da rumbun bai fi a shanya zane biyu ba.

Ta rungumo dami ta jefo ƙasa. Ta sake jefo wani, da wani. Baba Salifu ya ware waɗanda ya ƙiyasta na sadaka, ya tsaya yana kallon sauran suna faɗowa.

Barira ce ta zo gindin tsanin. Ta sunkuya da goyonta, ta ɗauki dami ɗaya daga cikin na ƙarin, ta miƙa sama.

"Mai da shi, Madam."

"Na yaranki ne."

"Mai da shi, don Allah." Muryarta ba ta wuce su biyu ba. "Ke jibi kina Tasawa. Ni ke nan in ya dawo. Ya san abin da ya zuba. Ba za a ce ƙanwarsa ta hau ba, cewa za a yi matarsa ta ci rumbu da ba shi nan. Da wannan sunan wane gida zan zauna? Ɗiyan nan uku a nan za a riƙe su, in tahi da ta bayana."

Ta ci gaba da riƙe damin a sama. Habsatu ta dubi matan da ke tsaye. Wadda aka ƙetara wa ƙwarya ta darni tana cikinsu, ta sunkuyar da kai. Ba wadda ta ce a bari.

Habsatu ta karɓa ta mayar. Barira ta miƙo na biyu.

Da ya rage saura biyu a ƙasa, Baba Salifu ya sa ƙafa ya tura su cikin na sadaka.

"Waɗannan na Shatu ne," ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba. "Sadaka ba a yi mata ƙwauro."

Ya sa aka kwaɓa laka. Kafin rana ta faɗi ya liƙe bakin, ya shafe da tafin hannu, ya mayar da jinka.

* * *

Sadakar uku ta yi jama'a. An zo daga Korgom, an zo daga ƙauyukan kewaye a kan amalanke da babura. Malamai suka yi addu'a a ƙofar gida, aka fito da tuwo akushi-akushi, fura ƙwarya-ƙwarya. Aka ce Isma'ila ɗa ne, yana can nesa amma ya fitar da uwarsa kunya. Liman ya ambaci azumin marigayiya a cikin addu'a, ya ce abin koyi ne ga matan garin.

Habsatu ta lura Barira ta tuƙa fiye da abin da jama'ar za su iya ci. Ko da baƙi suka fara raguwa ba ta sauke tukunya ba, sai da ta tuƙe garin duka.

Da safe mai kabu-kabu ya zo yana jira a ƙofa. Habsatu ta ce za ta aiko da buhu in wata ya ƙare, za kuma ta ci gaba da neman Yaya har ya saurare ta. Barira ta ce to, amma buhun a kai shi gidan Iya Hafsa, kada a sauke a nan ido ya gani.

Habsatu ta same ta ne a gindin rumbu, inda rana ke fara sauka. Barira ta shimfiɗa tabarmi biyu, tana marmasa sauran tuwon jiya ƙanana-ƙanana tana bazawa don ya bushe. Yaran suna zaune gefe, kowa da kara a hannu saboda kaji.

"Ragowar sadaka ce," in ji Barira. "Wannan ba mai cewa na sata. In an yi tsimi zai kai mu sadakar bakwai. Ranar za a sake buɗewa. Na bakwai kuma in na tuƙa da yawa, wataƙila shi kai mu arba'in."

"Bayan arba'in fa?"

Barira ta ɗauki wani curin ta murƙushe shi a tafin hannu. Mai babur ya danna oda a waje. A saman kansu, ƙarƙashin jinka, lakar da aka shafa shekaranjiya ta riga ta bushe ta yi fari.